Rabin Awa a Mako: Lissafin Kiɗan Ma'aikatan Ƙarfe Daga Wheeling Zuwa Nima

Ranar 31 ga Yuli, 1935, Gwamna Arnold Hodson ya buɗe gidan rediyo na farko a ƙasar da a yau ake kira Ghana. Sunan tashar ZOY. Waɗanda suka yi rajista a Accra kimanin 300 ne, kuma muryar ba ta iska take riskar su ba. Waya ake ja daga tasha zuwa gida, a kafa akwatin lasifika a bango, maigida ya riƙa biyan kuɗin wata, akasarin abin da zai ji kuwa daga Landan aka aiko shi. Ƙidayar 1931 ta ba Accra mutum kimanin 61,000. In aka raba, akwati ɗaya ke nan ga kowane mutum 200. A shekarun nan ne Nima take tsirowa a bayan gari, a filin da Malam Amadu Futa ya samu daga hannun mutanen Ga, kuma da wuya a ce mai ɗakin laka a bayan gari yana cikin waɗannan 300.

Wata goma sha biyar bayan haka, a wani garin Amurka mai suna Wheeling a jihar West Virginia, wanda shi ma jama'arsa kimanin 61,000 ne, wani kamfanin ƙarfe mai suna Wheeling Steel ya sayi rabin awa a tashar WWVA. Ranar Lahadi, 8 ga Nuwamba, 1936, aka fara shirin It's Wheeling Steel. Ƙungiyar makaɗan da ke riƙe da shirin sunanta Musical Steelmakers, mawaƙan kuwa ma'aikatan kamfanin ne da 'ya'yansu da danginsu. Mai gabatarwa, John Winchcoll, ma'aikacin ofishin lissafi ne. Ɗaya daga cikin fitattun muryoyin, Regina Colbert, da sunan sakatariya mai waƙa aka san ta.

Garuruwa biyu, yawan mutane ɗaya, zamani ɗaya. A ɗayan ma'aikacin masana'anta yana rera waƙa ƙasa tana saurare, a ɗayan kuwa akwatin ma bai iso unguwarsa ba. Alƙaluman da ke tafe duk amsar tambaya guda suke nema: wa yake biyan kuɗi a ji muryar mai aikin ƙarfe, kuma me ya sa yake biya?

326

An yi shirin Wheeling sau 326 kafin a rufe shi ranar 18 ga Yuni, 1944. Daga ranar farawa zuwa ranar rufewa mako 397 ne ko kusa da haka, wato an sami Lahadi wajen 70 da ba a yi shiri ba. Duk da haka an cika fiye da kashi 80 cikin 100 na makonnin, shekara bakwai da wata bakwai, har cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk wanda ya taɓa haɗa mutum goma don atisayen wasan Sallah ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a ninka 326 da minti 30, sai a sami awa 163. Bai cika kwana bakwai ba. Duk sunan da kamfanin ya yi a bakin Amurkawa ta hanyar kiɗa, wanda har yau ake tunawa da shi a West Virginia, in aka jera shi kai da kai bai kai mako guda na watsa shiri ba. Wannan shi ne alƙalamin da ya fi ba ni mamaki, domin yana nuna cewa yawan lokaci ba shi ne sirrin ba. Sirrin shi ne mai sauraro ya san ranar, ya san sa'ar, kuma in ya murɗa akwati ya tarar da su.

Yaɗuwar shirin ta bi matakai. Daga tashar gari guda ya shiga jerin tashoshin Mutual, a 1941 ya koma jerin NBC Blue inda tashoshi 84 suke ɗaukarsa. A watan Yunin 1939, a babban baje kolin duniya na New York, mutum fiye da 26,000 ne suka tsaya kallon ma'aikatan nan suna wasa. Don a gane girman taron, kusan rabin jama'ar ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas ke nan ta yau, wadda Nima take ciki. Abin da ya share fagen wannan kuwa wani alƙalami ne da ba na kamfanin ba: a 1930 gidajen Amurka masu rediyo kimanin kashi 40 cikin 100 ne, a ƙidayar 1940 sun kai kusan kashi 83.

Me ya sa kamfanin ƙarfe zai kashe kuɗi a kan algaita da ganga? Dalili na farko a fili yake. Wheeling Steel ba rodi da faranti kaɗai yake yi ba, yana ƙera bokiti da baho da kwanon rufi, kayan da matar gida da manomi suke saya da hannunsu, saboda haka yana buƙatar su riƙe sunansa. Dalili na biyu sai an duba kwanan wata. A 1935 Amurka ta yi dokar Wagner da ta ba ma'aikata damar kafa ƙungiya. A watan Yunin 1936 aka kafa kwamitin haɗa kan ma'aikatan ƙarfe, SWOC. Wata biyar bayan haka shirin ya fara. Ranar 30 ga Mayu, 1937, 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu yajin aiki a kusa da masana'antar wani kamfanin daban, Republic Steel, a Chicago, mutum 10 suka rasu. A irin wannan yanayi, kamfanin da ke da ma'aikata dubu goma sha wani abu, kuma kowace Lahadi yake gabatar da su a matsayin iyali guda masu raha, ba waƙa kaɗai yake sayarwa ba. A ganina kiɗan na gaske ne, jin daɗin ma'aikatan ma na gaske ne, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba a rabin awar nan za ka ji kukan albashi ko na haɗarin tanderu ba.

Kuma ba yaƙi ne ya kashe shirin ba, ba rashin masu sauraro ba ne. John L. Grimes, shugaban sashen talla wanda ya ƙirƙiro shi, lafiyarsa ce ta gaza, shirin ya bi shi. Kamfanin ya haɗe da Pittsburgh Steel a 1968, garin Wheeling kuwa a ƙidayar 2020 ya dawo mutum kimanin 27,000.

Shekara 32 ba talla, shekara 60 mai gida ɗaya

A Ghana irin wannan ciniki ba shi da ƙofar shiga tun daga tushe. Rediyon na gwamnati ne, kuma sai a 1967 aka fara karɓar talla. Daga 1935 zuwa 1967 shekara 32 ke nan da kamfani ba zai iya zuwa da kuɗinsa ya sayi rabin awa ba. Lokacin da ƙofar ta buɗe, shirin Wheeling ya shekara 23 a kabari, kuma a Amurka talabijin ya riga ya janye masu talla. Tashar mai zaman kanta kuwa sai da aka ƙara jira. Kundin mulkin 1992 ya ba da dama, Charles Wereko-Brobby ya gwada da Radio Eye a 1994 jami'an tsaro suka rufe ta, Joy FM ta fara a 1995. Shekara 60 cur murya ɗaya ce a iska.

Wannan bai hana a sami kiɗan ma'aikatu ba, sai dai mai biyan kuɗin ne ya bambanta. A zamanin Kwame Nkrumah hukumomin gwamnati su ne suka zama iyayen gidan makaɗa. Rundunar Ma'aikata, wadda aka kafa a 1957 da sunan Builders Brigade, tana da ƙungiyoyin kiɗa da na wasan kwaikwayo. Majalisar manoma tana da tata, otal-otal na gwamnati suna da nasu, kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line haka, ga na soja da na 'yan sanda, waɗanda suka girmi 'yancin kai nesa ba kusa ba. Hukumar sayar da koko ta riƙe wannan al'ada har cikin shekarun 1970, lokacin da Pat Thomas yake waƙa da ƙungiyarta, Sweet Beans. Waɗannan ƙungiyoyi su ne suke cika wuraren rawa da tarukan gwamnati, kuma gidan rediyon ƙasa shi kaɗai ne hanyar da kiɗansu zai bi ya shiga gidaje.

Akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi. A Wheeling, ma'aikaci ne ake ba dama ya yi waƙa, ƙwararrun makaɗan gari suna dafa masa. A Ghana kuwa galibi ƙwararren makaɗi ne ake ɗauka a sa shi a takardar albashin hukuma. Ma'aikacin da ke kiɗa bayan an tashi aiki shi ma akwai shi, kuma manya ne: E.T. Mensah na ƙungiyar Tempos mai haɗa magunguna ne, King Bruce na Black Beats, da aka kafa a 1952, babban ma'aikacin gwamnati ne. Sai dai su da kansu suka nemi kayan kiɗansu, ba ma'aikatarsu ce ta saya musu lokaci a rediyo ba.

A daidai wannan zamanin ne masana'antun ƙarfe suka iso. Tashar jiragen ruwa ta Tema ta buɗe a 1962, masana'antar ƙarfe ta gwamnati a Tema ta biyo baya a 1964, aka ƙaddamar da madatsar Akosombo a watan Janairun 1966, kamfanin narka alminiyum na VALCO ya fara aiki a 1967, kashi 90 cikin 100 na Kaiser, kashi 10 na Reynolds, dukansu na Amurka. Da ya kammala girma yana iya fitar da tan 200,000 a shekara. Leburorin da Tema ta jawo, da yawansu 'yan Arewa da baƙi, ba su sami ɗaki a cikin tsararren garin ba, sai suka tare a Ashaiman, wadda ta tashi daga mutum ƙasa da 3,000 a 1960 zuwa fiye da 22,000 a 1970, ta haura 200,000 a 2021. VALCO shi ne ya fi kama da Wheeling Steel a girma da aljihu, amma lissafinsa daban ne. Sandunan alminiyum yake zubawa a loda a jirgi a kai ƙetare, babu bokitin da yake son matar Maamobi ta saya. Abin da aka fi sanin asusunsa da shi a ƙasar shi ne gine-ginen makarantu, irin ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunansa a jami'o'in Legon da Cape Coast. Wanda ba ya sayar wa talaka komai ba shi da dalilin neman kunnensa.

Ɗaya cikin shida, sifili cikin goma sha ɗaya

Ina zango a cikin wannan lissafi? Hedikwatar gidan rediyon ƙasa, GBC, tana Kanda, wanda ya taso daga kasuwar Nima da ƙafa zai isa ƙofarta bai gaji ba. Kuma Hausa ta daɗe a ciki. Tana cikin harsunan gida shida da rediyon ƙasa ya daɗe yana magana da su, tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Da aka buɗe sashen watsa shiri zuwa ƙetare a 1961, Hausa tana cikin harsunansa tare da Larabci da Swahili da Faransanci. Sashen Hausa na BBC ma ya fara ne ranar 13 ga Maris, 1957, mako guda bayan Ghana ta sami 'yanci, da shirin minti 15.

To amma a je Hukumar Harsunan Ghana, mai buga littattafai a harsuna 11 da gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Babu Hausa a ciki. Harshen yana da kujera a inda ake magana, ba shi da ita a inda ake rubutu da koyarwa. Dalilin sananne ne: ana yi masa kallon harshen baƙi, duk da cewa shi ne ya haɗa Badagombe da Bagurmi da Bazabarme da Bakotokoli da Bafulatani a layi ɗaya a Nima, kuma shi ne harshen bariki tun zamanin dakarun Bature Glover na 1873. Wannan kallon ya taɓa zama doka. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana 14 ya bar ƙasa. A ƙidayar 1960 baƙi sun kai kimanin kashi 12 cikin 100 na jama'a, a ta 1970 sun dawo ƙasa da kashi 7. Wato shekara biyu bayan rediyo ya fara karɓar talla, aka kwashe wani babban ɓangare na fatake da dillalan zango waɗanda su ne za su iya biyan kuɗin talla da Hausa.

160

Abin da ya rage na kiɗan ƙungiya ya gamu da ajalinsa a farkon shekarun 1980. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1981, aka sa dokar hana fitar dare da ta ɗauki kimanin shekara biyu da rabi, daga 1982 zuwa 1984. Mai kiɗan rawa da dare yake ci. Sannan aka ɗauki kayan kiɗa a matsayin kayan alatu, aka ɗora musu harajin shigowa na kashi 160 cikin 100, kamar yadda masanin kiɗan Ghana John Collins ya sha bayyanawa. Ma'anar wannan a aljihu ita ce ƙahon da aka saya a kan 100 zai fito daga tashar Tema a kan 260, kafin ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa. Ƙungiya mai mutum goma sha biyu, kowa da abin busa ko na kaɗawa, ba za ta iya sabunta kayanta ba. Makaɗa da yawa suka tafi Legas da Jamus da Ingila, wasu suka shige coci, inda ake da sauƙin haraji kuma ba a buƙatar dare. Makaɗin zango ba shi da wannan mafaka ta biyu.

Da tattalin arziki ya farfaɗo, kamfani ya dawo fagen, amma ta talabijin. A tsakiyar shekarun 1990 Unilever ya ɗauki nauyin Key Soap Concert Party a Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa, ana nuna shi a talabijin na gwamnati, kuma can ne irin su Agya Koo da Bob Okala suka zama sunan gida. Lissafin Wheeling ne sak, mai sabulu yana neman kunnen mai wanki. Sai dai masu wasan ba ma'aikatan masana'antar sabulu ba ne, kuma da Twi akasari ake yi. Nima ta fitar da nata taurarin ta wata hanya. Mawaƙan ƙungiyar VIP, 'yan unguwar, sun mamaye ƙasa a 2003 da 2004, suna cusa Hausa cikin waƙoƙinsu, suka kuma mayar da wasan Sallah na titin Nima taron shekara-shekara. Kiɗansu a kwamfuta aka haɗa shi, domin zamanin da suka taso babu ƙahon da yaron Nima zai iya saya.

Tashoshi 500, da abin da ƙidaya ba ta ƙirga ba

Yau matsalar ba ƙarancin iska ba ce. Zuwa ƙarshen 2022 hukumar sadarwa ta NCA ta ba tashoshin FM fiye da 700 izini, fiye da 500 suna aiki. Tazarar da ke tsakani, kusan 200, tashoshi ne da ke da takarda amma ba sa magana, abin da ke nuna cewa samun izini ya fi riƙe tasha sauƙi. A 2017 kaɗai hukumar ta hukunta tashoshi 131 kan saɓa ƙa'ida. Mako guda yana da rabin awa 336. Da a ce tashoshi 500 duka suna aiki dare da rana, da an sami gurbin rabin awa 168,000 a kowane mako. Ba duka ke kwana suna aiki ba, amma ko an yanke rabi, abin da ya rage ya fi ƙarfin masu saye.

Da me ake cika su? Wanda ya murɗa akwati a Accra ya sani: gardamar siyasa da safe, ƙwallo, wa'azi, masu maganin gargajiya, sai faifai. Faifai ba ya cin abinci, ba ya neman kuɗin mota. Har ma kuɗin ya juya hanya. A Wheeling kamfani ke biyan tasha don a ji ma'aikaci, a zamanin Nkrumah hukuma ke biyan makaɗi albashi, yanzu kuwa mawaƙan Ghana sun daɗe suna kukan cewa su ne suke ba mai gabatarwa na goro kafin ya sa waƙarsu, hukumar karɓar haƙƙin mawaƙa ta GHAMRO kuma ta daɗe tana jayayya da gidajen rediyo kan kuɗin da doka ta ce su biya.

Zango ya sami tashoshin da ke magana da harshensa, irin Marhaba FM a Accra da Zuria FM a Kumasi. Abin da bai samu ba shi ne alƙalamin da zai ajiye a teburin mai talla. Ƙidayar 2021 ta ce Ghana tana da mutum 30,832,019, Musulmi kashi 19.9 cikin 100, wato kimanin miliyan 6.1, sun ƙaru daga kashi 17.6 a 2010. Amma Musulmi ba shi ne mai jin Hausa ba, kuma akwai Kiristoci a zango da Hausa ta fi kowane harshe zama a bakinsu. A jerin manyan ƙabilu, Akan suna da kashi 45.7, Mole-Dagbani 18.5, Ewe 12.8, Ga-Dangme 7.1, haka har a gangaro kan "sauran" masu kashi 1.6, kuma can ne ake jefa Bahaushe. Manajan tallan da ya duba wannan jadawali zai ɗauka kasuwar Hausa ba ta kai kashi biyu ba. Kuskurensa shi ne jadawalin ƙabila yake ƙirgawa, alhali Hausa a Ghana harshen ciniki da maƙwabtaka ne, masu yin ta sun ninka masu asalinta sau da yawa. Ayawaso ta Gabas tana da mutum kimanin 53,000, Ayawaso ta Arewa, inda Maamobi take, kimanin 63,000. Su biyu kaɗai 116,000 ne, kusan ninki biyu na garin Wheeling a lokacin da yake tashe, ba a sa Sabon Zongo da Fadama da Madina da Ashaiman ba.

Ma'aikatan ƙarfen da ba su da takardar albashi

Masana'antun rodi na Tema da kewaye ba dutsen tama suke haƙowa ba, tsohon ƙarfe suke narkawa. Shi ya sa a 2013 gwamnati ta yi dokar LI 2201 da ta hana fitar da gwangwan ɗin baƙin ƙarfe waje, don tanderun gida su sami abinci. Wannan yana nufin aikin rodi ba a ƙofar masana'anta yake farawa ba. Yana farawa ne da yaron da ke tura baro mai ƙafa huɗu cikin lungunan Maamobi yana kiran "kondem", da ɗan maganaɗisu a aljihu. Ya manna shi a jikin abu, in ya kama baƙin ƙarfe ne, farashinsa ƙasa. In bai kama ba sai ya kankare da wuƙa ya ga ko jan ƙarfe ne ko alminiyum, nan riba take. Daga baro sai sikelin dillali, daga sikeli sai babbar mota, daga mota sai Tema. Alminiyum ɗin kuma wani ba ya zuwa ko'ina, mai zubin tukunya ne zai saye shi. Ya tara tsofaffin fistan da guntayen firam ɗin taga ya narka a gawayi, ya danna tsohuwar tukunya cikin yashi mai laima a akwatin katako har ta bar siffarta, ya zare ta a hankali, ya kwarara narkakken ruwan. Tukunyar da mai waake take dafa abinci a ciki a bakin titi ta nan ta fito. Ga masu walda, ga masu ƙera kurfoti da ƙofa, ga makanikai, kuma da wuya ka shiga rumfa ɗaya cikin waɗannan ba ka tarar da rediyo a rataye a ƙusa ba.

Waɗannan su ne ma'aikatan ƙarfen zango, kuma babu kamfanin da zai kira su iyalinsa. Ƙidayar 2010 ta nuna kimanin kashi 86 cikin 100 na masu aiki a Ghana suna cikin irin wannan sana'ar da ba ta da rajista. Ranar da aka rushe filin gwangwan na Agbogbloshie a watan Yulin 2021, aka kuma tura 'yan albasa Adjen Kotoku, babban wurin da ya tara masu ƙarfen nan da yawa a inuwa guda shi ma ya watse.

Al'adarmu tana da nata tsarin tun kafin rediyo. Kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, dundufa ta maƙera. Amma a tsarin Bahaushe maƙeri ba ya kaɗa wa kansa. Makaɗi ne yake zuwa ya kaɗa masa take, ya ambaci iyayensa da suka riƙe uwar maƙera kafin shi, shi kuma ya yi kyauta. Wato masu sana'a su ne iyayen gidan kiɗansu, ba wani attajiri daga sama ba. Wannan ya fi dacewa da Nima ta yau fiye da tsarin Wheeling, wanda ya mutu da rashin lafiyar mutum ɗaya, ya kuma fi tsarin hukumomin gwamnati, wanda kowane juyin mulki yake girgizawa. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, wanda aka yi wa alkawarin dala miliyan 50 a lokacin yaƙin neman zaɓe, ya fi karkata ga tituna da magudanai da filayen ƙwallo, ma'aikatar da aka buɗe domin zango a 2017 kuwa an soke ta a 2021. Ba zan sa ran kiɗa daga wannan ɓangaren ba.

Na san akwai malamai da iyaye da ba sa son a haɗa sunan unguwa da kiɗa, kuma ba ƙaramar murya ba ce a Nima. Sai dai rabin awa na ma'aikata ba dole ya zama na rawa ba. Duk wanda ya halarci Maulidi a Accra ya ji muryoyin da da rana walda suke yi ko tuƙin tirotiro, da dare su riƙe taro da bege da ƙasida. Ga masu kirari, ga masu barkwanci, ga samarin da ke haɗa waƙa a waya.

Ga lissafin ƙarshe, kuma misali ne kawai. Shiri ɗaya na minti 30 a mako, sau 52, awa 26 ke nan a shekara. Tashar da ke aiki dare da rana tana da awa 8,760, saboda haka abin da ake nema bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na lokacinta ba. In rumfuna 200 na masu walda da masu zubi da dillalan gwangwan suka raba nauyin, kowace rumfa kuɗin ƙasa da minti takwas za ta biya a shekara. Ƙungiyar dillalan gwangwan ta Babbar Accra tana nan, ƙungiyoyin makanikai suna nan, sarakunan zango suna nan. Su fara da rubuta sunayen rumfunan da ke tsakanin Nima da Maamobi da yawan mutanen da ke ci a kowace, domin da wannan takardar za su shiga ofishin tasha su yi ciniki, da ita kuma za su tunkari masana'antun Tema da ke sayen kayansu su nemi su ɗauki rabin kuɗin.